Garmanin Gidan Kyauta

Malbaza, 9 ga Satumba

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ku da Inna kuna lafiya, kuma ƙafarku ta yi sauƙi. Yaya damina a Tsarnawa?

Baba, na san Mushe Attahiru ya riga ni zuwa gare ku, tunda don abotarku ya ɗauke ni aiki a ƙungiyarsa. Ga yadda abin yake. Garmani, ciyawar nan mai mamaye fili, ya cinye burtalin Gidan Kyauta, har ya fara shiga gonaki. Manoma sun ce shanun Ardo Umaru ne suka kawo irinsa sa'ad da suka sauka nan a 2004, don haka a rufe burtalin. In an rufe, shanun ba su da hanyar tabki. Mushe ya rubuta rapor, wato rahoto, a kan haka, ya ce in sa hannu tunda ni na karanta ilimin tsirrai.

Ban sa ba. A jami'a, a ɗakin da ake adana busassun tsirrai manne da takarda, na taɓa ganin garmanin da aka tsinko a Gidan Kyauta. Shekarar ce ban riƙe ba, sai na je Yamai na duba.

Ku gaida Inna.

'Yarku,
Rahinatu

Yamai, 16 ga Satumba

Baba,

Ina gaishe ku, ina fata gida lafiya. Yaya Dogo ya same ni a tasha cikin motar Yamai, ya isar min da saƙonku, cewa sabon shiga ba ya ja da manya. Na yi kuka, amma ban sauka daga mota ba.

Na zo jami'a da garmanin bana, na ajiye shi gefen tsohon. An tsinko tsohon a bakin tabkin Gidan Kyauta cikin Oktoba 1971. Mai rubuta suna yana iya kuskure, shi ya sa ban tsaya ga rubutun ba. Na duba da gilashin ƙara girma: gashin ganyen ɗaya ne, haka ma 'yan ƙayoyi biyu da ke kan kowace ƙwaya. Mushe ya kira shi busasshen haki. To, hakin nan ya riga Ardo zuwa da shekara talatin da uku.

Iyakar abin da ya nuna ke nan. Bai nuna dalilin yawansa yanzu ba, kuma ba zan ƙara masa gishiri ba.

Ku yi min addu'a.

Rahinatu

Malbaza, 27 ga Satumba

Baba,

Barka da Juma'a. Allah ya sa gero ya nuna lafiya.

An yi taro kan burtalin a ƙofar maigari. Na nuna hotunan tsohon ganyen da na bana, na faɗi shekarar. Na kuma faɗi cewa gonaki sun matse burtalin, shanu sun yi masa yawa, sai garmani ya samu fili tunda ba su cika cinsa ba. Manoma suka ɓata rai, Ardo ma bai ji daɗi ba. Duk da haka maigari ya ce ba za a rufe ba, a haɗu a tuge garmanin kafin irinsa ya zube.

Mushe ya ce aikina ya ƙare a ƙarshen wata. Don Allah, Baba, kada ku je ba shi haƙuri. Ban zage shi ba, ban ɗaga murya ba, hannu kawai na ƙi sawa. Tsoron zaman gida yana damuna, amma ko gobe ya miƙo min takardar nan ba zan sa ba.

Wanda ya tsinko ganyen nan a 1971 bai san Ardo ba, bai san ni ba. Ni ma na tsinki na bana, na rubuta wuri da rana da sunana. Zan aiko da su gida cikin kwali kafin in kai su Yamai. Ku gaya wa Inna ba yakuwa ba ce, kada ta zuba min su a miya.

Ina gaida kowa da kowa.

'Yarku mai biyayya a duk abin da ba wannan ba,
Rahinatu