Abin da Reza Ta Bari

Yaya Maureen,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama? Ya mutanen Sheffield?

Ina lafiya a nan birnin Kolon, sai dai kafaɗa, ita ma da sauƙi. Mun gama ɗaukar faifan kiɗanmu. Gangar da na kaɗa, wadda ban taɓa kaɗa mai kyau irinta ba, Detlef mai haɗa mana sauti ya sa reza ya yanke ta daga zaren kaset. Bugu ɗaya ya bari, yana ta maimaituwa. Da na yi magana ya ce, “Haba ɗan Ingila, inji muke so, ba gwani ba.”

Na saurara. Abin haushi, ya fi daɗi haka.

In faifan ya iso, Mama za ta neme ni a ciki. Ki ce mata bugun nan na ƙasa da ba ya canzawa, ni ne.

Ƙaninki,
Clive