Saƙon da Ya Kashe Alhaji Murtala da Ransa

Anti Hansai, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Lahadi, domin idan Lahadi ta wuce ba ta da sauran amfani. Ki yi haƙuri idan zancen ya yi tsawo, ban taɓa faɗa wa kowa shi ba.

Ni marainiya ce, a Agege aka haife ni, kuma ƙanin mahaifiyata, Kawu Balarabe, shi ya riƙe ni tun ina 'yar shekara shida. Shi ya tsaya kai da fata sai da na karanta kwamfuta, a lokacin da dangi ke cewa me mace za ta yi da ita. Yanzu ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Ogba, muna rubuta manhaja. Duk abin da na zama, bayan Allah, Kawu ne.

Shekara goma sha tara ke nan Kawu ne sakataren ƙungiyar mutanen garinmu mazauna Legas. Babban aikinsa sanarwa, musamman ta rasuwa. Kin san halin garin nan. Mutum ya rasu da asuba, ana so a kai shi da azahar, ga mutanenmu a warwatse, wasu a Mile 12, wasu a Mushin, wasu a Iyana Ipaja, ga gosulo, motoci cunkushe a hanya. A da Kawu kan zauna da waya yana kira ɗaya bayan ɗaya har muryarsa ta dishe. Bara na ce wannan wahalar ta ƙare. Na rubuta masa wata 'yar manhaja a tsohuwar laftof ɗina. Ba ta da hotuna ko wani kwalliya, baƙin allo ne kawai. Zai rubuta sunan manhajar, sai sunan mamaci, sai sunan mai sanarwa, sai lokaci, sai masallaci, duk a layi ɗaya, ya danna, saƙo ya tafi wayoyi sama da ɗari huɗu. Ita manhajar ba ta san kowa ba. Sunan da ya zo farko shi ne mamaci, na biyu shi ne mai sanarwa, shi ke nan. Na rubuta masa jerin a takarda na manna a jikin laftof ɗin. Ranar da ya fara aikawa har maƙwabta ya kira su zo su ga aikin 'yarsa.

A wurin aikinmu akwai wata da ta girme ni a aiki, Kachollom, 'yar Filato. Na nuna mata abin ina ta jin kaina. Ta duba, ta yaba, sannan ta ce kada in dogara da jeri, in ba kowane bayani sunansa, kuma manhajar ta riƙa nuna saƙon kafin ta aika. Na ce mata to. A raina kuwa cewa na yi abu huɗu kacal, wa zai rikita su? Aikin rabin yini ne, Anti, amma na yi ta cewa gobe har wata takwas.

Talatar makon jiya Malam Hadi ya rasu bayan sallar asuba. Aminin Kawu ne, tare suka zo Legas a bayan motar kaya. Ƙanin mamacin, Alhaji Murtala mai albasa a Mile 12, shi ne mai sanarwa. Ni na riga na hau motar danfo zuwa wurin aiki, takardar nan kuma ta daɗe da ɓallewa ban sake manna wata ba. Kawu ya zauna, ya rubuta yadda bakinsa ya saba, yadda ake yi a rediyo da lasifikar masallaci: wane na sanar da rasuwar wane. Ya sa Alhaji Murtala a farko. Manhajata ba ta tambaye shi komai ba. Ta sanar da mutum ɗari huɗu cewa Allah ya yi wa Alhaji Murtala rasuwa, sanarwa daga Malam Hadi.

Kafin Kawu ya farga ya aika gyara, labari ya kai har gida Arewa. 'Yan albasa suka rufe rumfuna. 'Yar Alhaji, Mubina, da tsohon cikinta, ta taho daga Mushin ko takalmi babu, ta iske mahaifinta zaune kan tabarma yana karɓar gaisuwa, nan take ta yanke jiki ta faɗi. Sai da ta kwana biyu a asibiti. Alhamdulillahi, ita da abin da ke cikinta lafiya, amma har yau idan na tuna gabana faɗuwa yake.

Da aka dawo daga maƙabarta Kawu ya miƙe a gaban jama'a ya ce laifinsa ne shi kaɗai, hannunsa ne ya rubuta. Ko sunana bai ambata ba. Alhaji Murtala, Allah ya saka masa da alheri, ya ce ya yafe, har da barkwancin cewa yanzu ya san waɗanda za su zo jana'izarsa da waɗanda za su tsaya ciniki. Amma wasu a kwamiti sun ce Kawu ya tsufa, ido ya yi rauni, don haka ranar Lahadi za a zauna a ba wani sakatarancin.

Na ce wa Kawu zan je in faɗi gaskiya. Ya hana ni. Ya ce shi ya ci zamaninsa, ba zai bari a riƙa nuna ni a unguwa ana cewa ga wadda ta kashe Alhaji ba. Yana ci, yana dariya kamar babu komai, amma jiya na gan shi ya ɗauko littafin sunayen 'yan ƙungiya, ya goge bangonsa da hannun riga, ya sa a leda ya ajiye a bakin ƙofa. Na shige ɗaki na yi kuka na ƙoshi. Idan na yi magana na saɓa masa, idan na yi shiru na bar shi ya rasa abin da yake ƙauna saboda lalacina. Anti, yaya ake gode wa mutum irin wannan?

'Yar Kawu, Agege

'Yata, share hawayenki ki ɗauko laftof, kwana uku ya isa.

Bari mu fara raba laifin da gaskiya. Kawunki yana da nasa ɗan kason, domin ya aika saƙon mutuwa cikin gaggawa. Amma wa ke da natsuwa ranar da amininsa ya rasu? Babban kason naki ne. Kin ƙera abin da ba a taɓa shi sai a ranar tashin hankali, kuma kika ɗora shi kan ƙwaƙwalwar mai baƙin ciki. Jerin da kika zaɓa ma ya saɓa wa yadda Bahaushe ke sanarwa tun kafin a haife ki. Na koyar da kwamfuta shekaru kafin in kama wannan filin, kuma abin da nake gaya wa ɗalibaina ke nan: idan bayanai biyu iri ɗaya ne, suna da suna, kada a bar jeri ya bambanta su.

Ga gyaran. Ki ba kowane bayani zaɓinsa mai suna, da karan ɗori biyu a gaba: --mamaci, --mai-sanarwa, --lokaci, --masallaci. Ta haka duk wanda Kawu ya fara rubutawa daidai ne. Kada ki zauna tsinke kalmomin layin da hannu, yaren kwamfutar da kike rubutu da shi yana da kayan aikin da aka tanada don wannan, ki yi amfani da shi. Idan ɗaya ya ɓace, ko aka rubuta zaɓin da ba ta sani ba, manhajar ta tsaya ta faɗi abin da ya rage da Hausa, kada ta yi hasashe. Ki sa mata --taimako mai nuna misali, domin takarda tana ɓallewa. Mafi muhimmanci, kada ta aika komai sai ta nuna saƙon a allo, da sunan mamaci manya-manya, an karanta an amsa mata. Ki kai wa Kachollom ta duba, ki kuma gaya mata ita ce da gaskiya. Ta cancanci jin hakan daga bakinki.

Sai batun Kawu. Kada ki tsallake shi ki faɗa taro, wannan zai mayar da shi maƙaryaci a gaban tsararrakinsa bayan ya rufa miki asiri. Shi ma yana da hujja, bakin unguwa ba shi da daɗi. Amma shirun da zai raba shi da aikinsa ba biyayya ba ce. Ki gama gyaran tukuna, ki ajiye laftof ɗin a gabansa, ki bar shi ya gwada rikita ta da gangan har ya gaji. Daga nan ki roƙe shi abu ɗaya: ya raka ki gidan Alhaji Murtala, ki durƙusa ki faɗi rabonki na laifin, ki kuma nemi yafiyar Mubina. Mutumin da ya iya yin raha da labarin mutuwarsa ba zai tozarta ki ba, kuma idan shi da aka yi wa laifin ya ce a bar Kawu, ban ga wanda zai ja ba. Ban yi miki alkawarin kwamiti zai sauya ra'ayi ba. Na dai san ko sun karɓe littafin, ke da Kawu za ku iya haɗa ido.

Kin tambaye ni yadda ake gode wa irinsa. Ranar Lahadi ki bar shi ya shiga taron da laftof a hammata, ya zauna a gaban masu cewa ya tsufa, ya fara rubuta sunan Alhaji Murtala kamar yadda bakinsa ya saba, allo ya nuna musu Alhaji a raye, a gurbin mai sanarwa. Kafin nan, ki je bakin ƙofa ki cire littafin daga leda ki mayar masa da shi inda yake ajiyewa.

Allah ya jiƙan Malam Hadi, ya sauki Mubina lafiya, ya ƙara wa Kawu Balarabe lafiya da nisan kwana. Ke kuma Allah ya yi miki albarka.

Anti Hansai