Hasashen Ruwa a Kan Gidan Ubanmu

Agege, Legas

Zuwa ga jikata Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin naku na leƙen gajimare a Abuja? Amarya, kin yasar da angonki. Ni dai ƙafa ta kumbura, kunne kuma ya daina jin waya, shi ya sa nake rubutu da hannu, Mariamu maƙwabciyata ta ɗauki hoton takardar ta tura miki.

Ƙanena Zulkifilu ya tuna ina raye. Rabona da shi tun da na je Kwarin Bauna bayan rasuwar kakarki, da niyyar in ƙarasa kwanana a gida. Na tarar ya cika ɗakina da buhunan masara. A gaban 'ya'yansa ya ce wanda ya tsufa a Legas ba shi da ɗaki a gidan ubanmu. Motar da ta kai ni ita ta dawo da ni.

Jiya sai ga direban da ke kawo kaya kasuwar Mile 12 ta nan Legas da saƙonsa. Wai zai kware rufin gidan duka ya sa sabon kwano. Wayar ɗansa ta nuna babu ruwa mako mai zuwa, amma yana so in tambaye ki. Ke yana jin kunyarki, ni ne ba a jin kunyata.

Ki duba mini. Kin san ginin ƙasa ne, a jikin tsaunin Mambila ta kudu maso yamma.

Kakanki,
Yusha'u

Abuja

Angona,

Wa'alaikumus salam. Ban yasar da kai ba, sai dai in Mariamu ce ta ƙwace mini kai. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

Kaka, kada ya taɓa rufin nan. Na'urar da ke lissafa hasashen waya tana yanka ƙasa gida-gida ne, manya-manya, ta ba kowane gida amsa ɗaya. A wurinta tsaunin nan tudu ne kawai, ta haɗa Kwarin Bauna da garuruwan bayan dutse ta ce duk bushe. Tamu ta ofis gidajenta ƙanana ne, tana ganin tsayin dutsen. Na sa ta yi lissafin sau da yawa, kusan duka amsa ɗaya suka bayar: iska mai laima za ta taso daga kudu maso yamma, ta daki tsaunin, ta hau, ta yi sanyi, ta juye ruwanta a fuskar da gidanku yake. Daga Laraba zuwa Juma'a. Bayan dutse ko yayyafi da wuya su samu.

Kai da ka yi aikin auna ruwan sama tun kafin a haifi mamata ka fi ni sanin halin wurin. Na san abin da ya yi maka. Duk da haka ka isar masa yau, don Allah.

Taka,
Ummukulsum

Agege, Legas

Zuwa ga ƙanena Zulkifilu,

Assalamu alaikum. Ina gaida iyali, ina gaida masara.

Saƙonka ya iso, na kuma yi mamakin yadda mutumin Legas zai san ruwan garin da ba nasa ba. Amma na tambaya. Yarinyar ta ce garuruwan bayan dutse ko yayyafi da wuya su samu mako mai zuwa. Haka ta rubuta, ban ƙara ko harafi ba. Wayar ɗanka ma ai ta faɗa maka. Gida naka ne, kai ka ce, sai ka yi yadda ka ga dama.

Shawara ɗaya: idan kun kware rufin, kada kowa ya zauna a ciki, yara da mata su koma gidan surukanka har a gama. Katako yana faɗowa.

Wanka,
Yusha'u

Abuja

Malam Yusha'u,

Assalamu alaikum. Ɗan Baba Zulkifilu ya nemo lambata ya kira ni yana kuka. Sun kware rufin ranar Talata. Laraba da la'asar ruwa ya sauko, bai ɗauke ba sai Juma'a. Bango ya jiƙe ya zauna. Zaure ya tafi, ɗakin mahaifiyarku ya tafi, naka ma ya rufta a kan masarar. Babu wanda ya ji ciwo, don duk suna gidan surukai.

Ya ce ni na ce babu ruwa. Ya turo mini takardarka, na karanta. Maganata ce, amma rabinta ka yanka ka ba shi. Kuma ka san bangon zai faɗi, tunda ka fitar da mutane tukuna. Yanzu duk garin sunana ake kira. Gobe in na ce musu ruwa zai zo da ambaliya, wa zai saurare ni?

Ka ce kana so a binne ka a can. A wane gida za a yi zaman makokinka?

Ummukulsum

Agege, Legas

Ummukulsum,

Wa'alaikumus salam. Ki tura wa yaron takardarki ta farko ya karanta a ƙofar masallaci, a san ke kin faɗi gaskiya, ni na riƙe. Ba na so a ba wani ladan aikina.

Yau na ci tuwo na cinye, rabona da haka tun bara.

Shi kuma a gaya masa: yanzu mu biyu ne ba mu da ɗaki a gidan ubanmu.

Wassalam,
Yusha'u