Tsatsar da Ta Ci Giwa ta Ciki

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya kuma ciwon bayan nan naka? Allah Ya ƙara sauƙi. Ya ƙarin haƙurinmu na rashin Inna? Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Mu nan lafiya lau muke. Mama ta fara cin abinci sosai, jiya har ta yi min faɗa wai na cika gishiri, ka ga kuwa ta fara dawowa daidai. Baban yara ya koma aiki, 'yan biyu kuma sun fara rarrafe, babu abin da ya tsira a ƙasan ɗaki.

Ranar da muka yi waya kuka bai bar ni na ba ka labari ba, kuma akwai godiya da ban haƙuri da ba sa faɗuwa a waya. Ka tuna lokacin da saƙo ya zo cewa jikin Inna ya yi tsanani, kuma ba ta kiran kowa sai ƙanwarta, wato Mama. Ka san hanyar ƙauyensu in ruwa ya sauka: motar haya ba ta hawa, sai babur, gwiwoyin Mama kuwa ba na babur ba ne. Ba mu da abin dogaro sai Giwa, tsohuwar jif ɗin Baba. Ina cikin tuƙa ta na ɗaukar maka saƙon murya cewa gobe za mu tafi. Da amsarka ta zo, ko maganar tafiyar ba ka yi ba, sai tambaya kake wace ƙara ce ke fitowa daga baya ta hagu duk lokacin da na faɗa rami. Wallahi haushi ya kama ni. Na ce ana maganar rai, shi yana can yana sauraren ƙarfe. Amma da ka ce kada na ɗauki Mama sai an leƙa ƙarƙashin motar, ban iya tsallake maganarka ba.

Na kai ta wurin tsohon mai waldan nan da ake ce wa Mai Awo, saboda ko ƙusa zai yanka sai ya auna sau uku. Ya ɗaga ta, ya shiga ƙarƙashi da ƙaramar guduma, yana bin dogayen ƙarafan nan biyu da jikin mota ke zaune a kai, waɗanda su suke kira cesis. Yana ƙwanƙwasawa ƙarfe na amsawa ras, har ya zo daidai inda sifirin ɗin baya na hagu, wato ƙarfen da ke tare nauyin mota a kan taya, ya kama, sai sautin ya mutu. Ya sa sukundireba ya danna, ta shige kamar cikin burodi. Da ya faɗaɗa wurin, tsatsa da jiƙaƙƙen taɓo suka zubo masa a ƙirji. Daga waje kuwa fenti baƙi wul, yana sheƙi.

Ya fito yana karkaɗe riga, ya tambaya wa ya toshe 'yan hudojin da ke ƙasan ƙarfen da kwalta. Ya ce ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi su domin ruwan da ya shiga ya samu hanyar fita. Yaya, ni ce. Shekarar da Baba ya rasu na kwanta ƙarƙashin motar na ga hudojin, na ɗauka tsufa ne ke cin ta, na bi su ɗaya bayan ɗaya na liƙe, ina jin na yi abin kai. Bayan haka duk ƙarshen mako sai na wanke ta da tiyo har ƙarƙashi, don kada a ce motar Baba ta yi datti a hannuna. Shekara biyar ina ɗura mata ruwa. A garejin sai na hau kallon takalmina. Mai Awo ya dube ni, ya ce ko wane ne ya yi aikin, hannunsa na da tsafta, ko huda ɗaya bai tsallake ba. Ni kuma da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sai muka fara rigima. Na ce ya ɗora faranti na ƙarfe a kan wurin ya liƙe, mu tafi gobe, in mun dawo a yi gyaran gaske. Ya ce walda ba ta kama tsatsa, zai yi kyau a ido ne kawai, kuma shi ba zai sa hannunsa a abin da zai ɗauki tsohuwa ya hau dutse da ita a haka ba. In ina so, in kai wa wani. Na kira ka ina sa ran ka tsaya min, sai ka ce in bar mutumin ya yi aikinsa. Na kashe maka waya a kunne. Ban taɓa yi maka haka ba tun da nake, ka yafe min.

Kwana takwas ya yi, kuma kowace rana ina can kamar an ɗaure ni. Sai da ya sauke tankin mai ya kawar da bututun birki, ya zaunar da motar a kan ƙafafun ƙarfe huɗu har ta daidaita. Ya ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa, ya rubuta awon da alli a bango. Kafin ya yanka komai ya liƙa sanduna a tsakanin ƙarafan biyu, ya ce in ba haka ba da zarar an cire ruɓaɓɓen sai motar ta murɗe, ta riƙa tafiya a karkace har abada. Yankan ma ba a miƙe ya yi ba, a kaikaice ya yi, wai don nauyi ya bazu. Ya zana siffar wurin a kwali, ya lanƙwasa sabon ƙarfe mai kauri ɗaya da na asali. Abin da ya fi cin raina shi ne waldar: ya ɗan liƙa nan, ya koma can, sai ya zauna ya sha shayi wai ƙarfe na hucewa. Ni kuwa ina tsaye a kansa ina tafasa.

A gida Mama ta haɗa jakarta tun ranar farko, ta ajiye a bakin ƙofa, kullum da mayafinta a kafaɗa. Ba ta taɓa tambayata yaushe ba, kuma wannan shirun ya fi faɗa ciwo. Rana ta biyar aka aiko cewa Inna ta daina cin abinci. Na je gareji na zauna a kan wata taya na yi kuka sosai. Mai Awo bai ba ni haƙuri ba, bai kuma ƙara sauri ba, amma ina gani ya sallami wani mai babbar mota da ya zo da aiki, ya rufe rabin ƙofar garejin. Daga ranar bai taɓa ƙarfen kowa ba sai namu. Da ya gama ya sake jan zarensa, awon ya zo daidai da na bango. Ya fasa sababbin hudoji a ƙasa, ya kira ni na durƙusa na gan su da idona, ya ce waɗannan a bar su su sha iska.

Rana ta tara da sassafe muka kama hanya. Bayan mun haye rafi, a hawan nan mai kwazazzabo ta gefe, ƙasa ta zabtare, tayar baya ta hagu ta faɗa rami. Duk nauyin motar ya koma kan wurin da aka gyara. Na ji ta yi nishi, na sa ƙaramin giya, ta fito. Da muka kai sama na tsaya, na leƙa kwazazzabon, na tuna farantin da na nace a ɗora. Mama ta ce in daina kallon ƙasa in ja mu tafi.

Mun sami Inna idonta a rufe, an ce kwana biyu ba ta yi magana ba. Mama ta zauna a bakin gado, ta kama hannunta, ta ce ga ta ta zo. Can sai Inna ta buɗe ido, ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce tun suna yara haka Mama take, sai kowa ya gama shiri ake jiranta. Mama ta yi dariya, hawaye na zuba. Suka wuni tare, suna magana ƙasa-ƙasa, muka ba su wuri. Washegari bayan azahar Inna ta cika, kanta a kan cinyar Mama. Kwana ɗaya muka samu, Yaya, kuma bayan ikon Allah, kunnenka da taurin kan Mai Awo ne suka ba mu shi. Na gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka masu tsaya maka ko da ranka ba ya so.

Ka gaishe min da Anti da kyau, da babbar ɗiyata, da ƙanenta mai rigima. Mama tana sa muku albarka, Baban yara da Kawu suna gaisuwa. Allah Ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka.