Firjin Nan, Ni Na Ƙona Shi

Da sunan Allah. Ni Saleh Bubayero, dillalin bandar kifi a Nguru, na rubuta wannan wasiyya da hannuna a watan Rajab na 1978. Ƙafafu sun ƙi, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce rikicin tsufa ne.

Na ɗaya. Gida da gonar fadama, a raba yadda shari'a ta ce. Ba ni da ta cewa a nan.

Na biyu, kuma dominsa na ɗauki alƙalami. Dunoma, kai ne babban ɗana, kai ka sayo mini firji daga Kano, ka haɗo da ƙaramin akwatin nan mai daidaita wuta, sitabilaiza. Ranar da firjin ya ƙone ka ce Fanne, matar ƙaninka Kalli, ita ta sa kunu mai zafi a ciki. Magana ta yi tsami, Kalli ya kwashe iyalinsa ya koma Gashua, yau shekara uku ko gaisuwar Salla ba kwa yi.

To, ba kunu ba ne. Ni ne. Akwatin yana ta ƙugi da ƙyas-ƙyas a kaina lokacin barcin rana, ni kuwa kun san ni da barcina. Na zare shi, na jona firjin kai tsaye da bango. Da la'asar wuta ta ja baya, ta dawo da ƙarfi, sai ƙauri. Na yi maza na mayar da akwatin kafin kowa ya shigo. Gregory mai gyara ya duba, ya dube ni, ya faɗa mini a keɓe cewa da akwatin yana jone da hakan ba ta faru ba. Kunya ta rufe mini baki, na bar yarinya da laifina.

Na uku. Firjin an gyara shi, kuma na ba Fanne shi daga cikin sulusin dukiyata, tunda ita ba magajiya ba ce. Ya tafi tare da akwatinsa. Kada mai rabon gado ya ƙirga su abu biyu ya ba wani ɗaya don a yi adalci. Duk wanda ya sayi kayan wuta a cikinku, ya sayi akwatin tun kafin ya kunna. Wutar garin nan ba ta da alƙawari, ƙugin kuma ana sabawa da shi.

Na huɗu. Fanne ta zo duba ni makon jiya, na daure na faɗa mata. Sai ta sunkuyar da kai ta ce ai ta sani, tana shara a ƙofar ɗaki ta gan ni ina zarewa. Ko mijinta ba ta gaya wa ba, wai don kada 'ya'yana su raina ni. Ta yafe mini. Tun ranar nake jin ƙirjina sakayau, har abinci ya koma mini da daɗi.

Saboda haka Dunoma, kada ka jira zaman makokina. Ka hau mota ka je Gashua, ka cire takalmi a ƙofar ƙaninka, ka nemi gafarar matarsa da bakinka. Kalli, in ya yi sallama ka fito da kanka.

Allah Ya yi muku albarka, ku da zuriyarku. Ku riƙe zumunci, ku ci tuwon Salla a kwano ɗaya. Ranar jana'izata kuma Fanne ce uwar gidan nan, abin da ta ce shi za a yi.