Hannun da Baffa Ya Ɗaure

Asabar, 6 ga Yuli, 2019

Na je filin golf yau, karon farko tun da ciwon shanyewar jiki ya taɓa ni a watan Maris. Bugu shida na yi. Sau biyu sanda ta suɓuce ta bi ƙwallo, sau ɗaya ma ta fi ƙwallon nisa. Ya'u, abokin wasana na shekara goma sha ɗaya, ya je ya ɗauko mini ita bai yi dariya ba. Wannan ya fi ci mini rai. Ya'un da ko tuntuɓe ka yi sai ya ba da labarinka a Ƙofar Ran.

Hannun dama ba ya riƙo. Yana nan dai, yatsu biyar, kamar na aro. Wannan ɗan rubutun ma sai da na huta sau uku.

Litinin, 8 ga Yuli

Bilkisu ta kira daga Birnin Kebbi. Ta ce, “Baba, ka yi ritaya, Mama ta rasu, ga lalura. Me ya rage maka a Bauchi?” Wai ita da mijinta Abdulsalam sun gyara mini ɗaki. Na san ɗakin. Na san kujerar da za a riƙa fito mini da ita ƙofar gida, masu wucewa suna “sannu Baba”.

Na ce mata golf ya rage.

Sai bakina ya ja mini. Na ce in har na buga rami tara kafin ta zo ranar biyu ga Agusta, a bar ni a nan. In na kasa, in bi ta, ba musu. Ta ce ta yarda. Da sauri ta yarda, ita ma ta ji abin da likita ya ce.

Shekara ashirin da biyu ina aikin safiyo a garin nan. Rabin filayen Gwallameji ni na auna, ba ni da ko taku ɗaya a ciki. Har yau Bakabe ake ce mini. In na je Argungu kuma su ce ɗan Bauchi ya zo. Amma a filin nan, ran Asabar, akwai mai jirana. Shi ke nan abin da nake da shi. Yarinyar ba ta yi laifi ba, ni ma da haka zan yi wa ubana.

Alhamis, 11 ga Yuli

Ya'u ya matsa sai na je wurin Zakka a auna ni, a haɗa mini sababbin sanduna marasa nauyi. Zakka shi ne mai koyarwa da gyaran sanduna a filin, mutumin Bogoro, yana da ɗan shago na kwano a bayan bishiyar maɗaci.

Ni da na ƙare rayuwa ina awo, yau ni ake aunawa. Ya tsayar da ni ba takalmin wasa, hannuwa a sake, ya ja tef daga wuyan hannuna zuwa ƙasa. Na lura bakin tef ɗinsa ya cinye, na gaya masa. Ya ce ya sani, daga inci na biyu yake farawa ya cire ɗaya. Haka ake yi.

Ya auna tafina da dogon yatsa. Ya shafa alli a gindin sanda ya sa na buga a kan wani katako, don ya ga inda take taɓa ƙasa. Ya ce tsofaffin sandunana na dogon mutum ne, shekara da shekaru ina lanƙwasa jikina don in dace da su. Gaskiya ne, a hannun wani dogon Bature na saye su.

Ya ba ni mara nauyi, mai kaurin mariƙi. Ta suɓuce. Ya ƙara naɗa mata roba. Ta suɓuce. Na zauna a benci ina kallon hannun.

Can sai ya ce, “Alhaji, kama.” Ya jefo mini ƙwallo. Na cafe da hagu. Ya sake, ta gefe. Na cafe. Na ce duk wanda damansa ya mutu da hagu zai cafe. Ya ce ya ga masu irin ciwona da yawa, ba haka suke cafewa ba. Ya nuna bokiti a bakin ƙofa, taku goma, ya ce in jefa. Ta faɗa ciki.

“Alhaji, kai bahago ne. Wa ya juya ka?”

Na ɗauki hulata na fito. Ban ko yi masa sallama ba.

Juma'a, 12 ga Yuli

Masallaci kawai. Wa ya tambaye shi.

Lahadi, 14 ga Yuli

Baffa ne ya juya ni, mahaifina. Ina da shekara shida. Da tsumman tsohon rawani yake ɗaure mini hannun hagu a ƙugu, in za a ci tuwo, daga baya har da rana in zan fita wasa. Kakata Hajja takan kwance mini in ya tafi kasuwa, ta mayar kafin la'asar. A makarantar boko kuma rula ta ƙarasa aikin. Tabon yana nan a gaɓar yatsa.

Ba na riƙe shi a zuci. Tsoro yake kada in girma ina miƙa wa manya abu da hagu, a ce ba a yi mini tarbiyya ba. Abin da ya sani ke nan, Allah ya jiƙansa.

Amma shekara hamsin da takwas. Kullum ni ne mai mummunan rubutu, ni ne wanda ba ya iya jifa. Na ɗauka haka Allah ya yi ni.

Marigayiya uwar Bilkisu ta sani. Ta taɓa cewa in sauro ya cije ni da hagu nake kai masa mari. Na ce ta bar maganar.

Talata, 16 ga Yuli

Na koma. Na ba Zakka haƙuri, ya ce bai ga abin haƙuri ba. Ya riga ya tono wata sanda ta bahago, lamba bakwai, duk tsatsa, wadda wani injiniyan hanya ya bari da zai koma ƙasarsu. Ita kaɗai ce a filin.

Tsayawa a ɗaya gefen ƙwallo. Komai ya juye, har maɗacin ya koma inda ba nan yake ba. Sau goma sha ɗaya ina dukan iska da ciyawa. Zakka ya ce in bar dama ta raka kawai, hagu ta yi aikin.

Na goma sha biyu ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga hannuna ba. Yadi tamanin, idona ba ya ƙarya a nisa. Zakka bai yaba ba. Ya shafa alli ya ce duk awon ranar Alhamis ya tashi, a sake daga farko.

Sannan ya faɗi sauran. Babu kawunan sandar bahago a Bauchi, babu a Jos. Sai wani da ya sani a Legas. Sati shida, in an yi sa'a.

Sati biyu da kwana uku gare ni.

Asabar, 20 ga Yuli

Rami uku, da sanda ɗaya da wata tsohuwar sandar tura ƙwallo cikin rami, mai fuska biyu. Masu zama a baranda duk sun juyo da kujeru. Ya'u ya zo ya tsaya inda ya saba tsayawa in zan buga, saura kaɗan in fasa masa gwiwa. Ya yi tsalle ya ce, “Bakabe, ku dai da homar kamun kifi kuka saba. Yanzu kuma ta baya za ka ɓullo mana?” Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Na zage shi. Na ji daɗi, ban gaya masa ba.

Laraba, 24 ga Yuli

Ruwa tun safe. Yashin da ke kewaye da ramuka duk ya kwanta, sai an sake baje shi. Ba wasa. Bororo ya fito mini a tafin hagu. Ƙafar dama tana jan ƙasa. Ba abin da zan iya sai kallon rufi yana zuba a kusurwar da na gaya wa mai gida tun bara.

Abinci dai da hannun dama, da cokali, ko da rabi zai zube. Wannan ba na taɓa shi.

Asabar, 27 ga Yuli

Huɗu. A rami na biyar ƙafa ta ƙi. Ba hannu ba, ƙafa. Na zauna a kan tushen bishiya har Ya'u ya je ya kawo mota.

A hanya ya ce, “In Bilkisu ta tambaye ni, tara ka yi. Wa ya gani?” Na ce ni na gani. An sha roƙona in matsar da dutsen iyaka taku ɗaya, masu manyan riguna ma, ban taɓa yi ba. Ba zan fara a kan 'yata ba. Ya ce shi ya sa ba ni da fili. Ya yi gaskiya.

Juma'a, 2 ga Agusta

Bilkisu ta iso da la'asar, a gajiye. Na gaya mata huɗu ne. Na gwada ran Laraba, huɗu dai. Ta ce, “To Baba.” Ba ta yi murna ba, na yaba mata da wannan.

Asabar, 3 ga Agusta

Na je mayar wa Zakka sandarsa, Bilkisu ta raka ni. Ya ce kafin in tafi in buga sau ɗaya a kan katako, yana son ya tabbatar da awon, don an riga an aika Legas a kawo kawunan. Na ce awon me, mutumin da zai zauna a kujera. Ya ce shi dai aikinsa ba ya barinsa rabi.

Na tsaya a gefen hagu. Na buga uku. Ta biyun ta tafi sosai.

Da na juyo Bilkisu tana kallon hannuna, ba ƙwallon ba. Ta ce, “Baba, tun yaushe?” Na ce tun kafin a haifi uwarta. Na nuna mata tabon. Ban taɓa nuna wa kowa ba.

Ta ja Zakka gefe. Na ji yana cewa “ƙarshen wata”, na ji “sai ya riƙe su a gabana in ga tsawon”. A cikin keke-napep ta ce in zo a yi Babbar Sallah a gida, bayan nan Abdulsalam zai dawo da ni in karɓi sandunan. “Daga nan sai mu gani.”

Ba nasara ba ce. Alkawari tara ne, na faɗi. Alfarma ta yi mini, kuma na san alfarma in na gan ta.

Lahadi, 4 ga Agusta

Direba yana jira a waje. Jaka ɗaya na ɗauka, ba don komai ba, bayan motar ƙarami ne. Mabuɗin gida yana aljihuna, mai gidan ba ya nan, wa zan ba. Na bar wa Ya'u takalman wasa ya ajiye mini, ba kyauta ba, na maimaita masa sau biyu.

Sati uku a kujera. Za a iya.

Rubutun yau ya karkace, kamar na ɗan aji ɗaya. Ban huta ko sau ɗaya ba dai. Ashe in mutum ya yi rubutu da hagu, tawadar biro tana shafa masa a gefen hannu. Ba wanda ya taɓa gaya mini.