Tauraron Murfin Gwangwani

Waisavu,
9 ga Disamba.

Zuwa ga Yaya Zulekha,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da maigidanki Imtiaz. Ki tambayar min shi labarin tumbinsa: ya fara riga shi shiga ɗaki, ko har yanzu tare suke shiga? Mu nan ƙalau muke. An gama yankan rake, Abba ya koma zaman gindin mangwaro yana nuna wa gajimare inda za su zubar da ruwa. Ammi ta ce ƙafarta da sauƙi. Awaki sun yi ɓul-ɓul, masu sayen na Kirsimeti har sun fara leƙowa.

Yaya, na yi ɓarna, kuma wannan ta fi ta kwaɗon da na sa miki a takalmi.

Kin san tun da guguwa ta kwashe gidajen bakin kogi aka mai da mutanen ƙauye kan tudu, bayan gonarmu. Gida goma sha biyu aka jera musu, kwano iri ɗaya, fenti iri ɗaya, har wani dattijo ya taɓa cinye abincin maƙwabcinsa kafin ya farga ba ɗakinsa ba ne. Na biyar a jere shi ne na Bubu Makereta, tsohuwar nan da ke kawo wa Ammi gwaza. Jikokinta biyu suna hannunta, Inoke ɗan shekara goma da Seini 'yar biyar, tun da uwarsu Litia ta tafi Ostareliya aikin tsinkar 'ya'yan itace. Shekara biyu ke nan, guguwar ma a bayanta aka yi. To yanzu ta yi waya tana tafe Kirsimetin nan.

Shekaranjiya na kai musu madara, na tarar da Seini tana tsalle tana waƙar uwarta na zuwa. Kin san bakina ba ya ganin wuri ya ƙyale. Na ce mata, “Zuwa kam za ta zo, amma wane gida za ta shiga? Ita tsohon gida ta sani. Gidan su ƙawarki Mere za ta faɗa, ta ga yarinya mai tsawonki, ta rungume ta, ta ba ta takalmin da ta sayo miki.” Na sha dariyata na tafi.

Jiya Bubu ta aiko a kira ni. Yarinya ta ƙi abinci. Ta ɗauki zanen uwarta, wani ja mai fararen furanni da take kwana da shi tun ranar da suka rabu, ta je bakin hanya ta zauna cikin rana, wai kada uwar ta wuce. An kira Litia a waya ta lallashe ta, ta ce ai ta sani, gida na biyar ne. Seini ta ce na biyar daga wane gefe? Ashe Litia ba ta san gefen ba. Shi ke nan, aka koma gidan jiya.

Bubu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kai ɗan akuya, bakin da ya kwance shi zai ɗaure. In jikata ta kwanta ciwo kafin uwarta ta iso, kai zan binne a ramin da muke gasa naman Kirsimeti, in bar kajin su sha iska.” Na durƙusa na rantse wa Seini wasa nake yi. Ta ce yanzu ne nake wasa, shekaranjiya gaskiya na faɗa, don ita ma ta taɓa ɓatan gidan. Yaya, ban taɓa yin ƙarya an yarda da ita haka ba, kuma ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Alkawari ne ya tashe ta daga bakin hanyar. Na ce zan yi mata tauraro, ƙato, a kafa shi sama da rufinsu, wanda ko daga garin Labasa mutum ya taho sai ya gan shi. Ta ci rogo guda biyu a gabana. Bubu ta gindaya min sharaɗi: ba a sayen komai a kanti. Ta ce tun tana yarinya da abin da ke tsakar gida ake ƙawata gida, kuma ba ta ga Kirsimetin da ya yi fushi ya koma ba.

In kina da tsofaffin kalanda masu launi, ki ba direban da ke kawo saƙo. Ki shafa min kan yara, ki ce wa Imtiaz ban ce komai ba.

Ƙaninki da kika fi so duk da halinsa,
Taiyab.

Waisavu,
18 ga Disamba.

Yaya Zulekha,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya zafi a birnin Suva, yaya tarin ƙaramin? Kalanda sun iso, na gode, har da wasiƙar faɗan da kika naɗe a ciki. Na karanta ta sau biyu, sa'annan muka yanka ta muka yi sarƙa da ita. Tana nan rataye a ƙofar Bubu, ta yi kyau ƙwarai.

Da kin ga gidan nan yanzu da kin ce an yi baƙi daga birni. Mun saro reshen itacen bakin teku mai siraran ganye, muka dasa shi a tsohon gwangwanin fenti cike da yashi. Bubu ta koya mana saƙa ƙananan kifaye da ganyen kwakwa. Nata kamar su yi iyo, nawa kuma Inoke ya ce sun fi kama da takalmin da mota ta taka. Seini ta huda bawon katantanwa ta zura a zare. Audugar rimi muka yayyafa a rassan, wai ƙanƙara ce irin ta jikin katin gaisuwa, alhali gumi yana ɗiga mana daga haɓa. Ammi ma ta zo da takardun alawa da ta daɗe tana tarawa ba mu san dalili ba.

Tauraron kuwa da tsagin gora na haɗa shi, murabba'i biyu ɗaya bisa ɗaya, irin wanda muke gani a gefen shafin Alƙur'ani a makarantar Maulana, don shi kaɗai na iya. Bubu ta ƙirga tsinin ta ce, “Takwas? Namu na coci biyar ne, ɗan nan.” Na ce, “Bubu, ukun gyara ne, kamar yadda kike yi wa Ammi in ta sayi gwaza.” Ta ce to a bar shi, Allah bai ƙirga wa kowa ba.

Na dama fulawa ta yi kauri, na liƙe shi da jar takarda, na shanya a bayan ɗakinmu. Na je sallar Azahar na dawo, na tarar da bunsurunmu Kwamishina tsaye a kai, gemunsa ja, yana taunar tsini na ƙarshe yana kallona ido cikin ido. Ammi ta ce wanda ya shafa wa takarda abinci ya ajiye gaban akuya ai walima ya kira. Abba ya ce ko bunsurun bai ci ba ruwan Disamba zai ci. Duk masana ne bayan an gama.

Ban bari Seini ta gani ba. Na bi gida-gida ina roƙon murfin gwangwanin kifi, Inoke yana riƙe min buhu. Muka goge su da toka da lemon tsami har mutum yana ganin haƙoransa a ciki, na lanƙwashe bakinsu saboda yanka, na huda da ƙusa, muka ɗaure su a jikin gorar da igiyar ɓawon kwakwa. Da muka kafa shi a kan doguwar gora rana ta doke shi, wallahi sai da na kare idona. In iska ta taso yana ƙara kamar an zubar da cokula. Kwana uku Seini tana cin abinci har da neman ƙari.

Sai na sake ɓatawa. Yaran ƙauye suka taru suna kallo, ni kuwa kaina ya kumbura, na zauna na koya musu daki-daki, har da inda ake huda. Shekaranjiya da safe na hau tudu na ga taurari goma sha biyu suna walƙiya, kowane gida da nasa, duk masu tsini takwas.

Na samu Seini a tsaye tana ƙirga su da yatsa. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Na fara cewa zan je in ciccire na sauran, ta ce a'a, na Mere ne, ita ta goge da hannunta. Ta shiga ɗaki ta fito da jan zanen nan, ta miƙa wa kakarta tare da almakashi. Ta ce, “A yi masa wutsiya. Ba mai irin wannan.”

Bubu ta karɓi almakashin. Ta ce, “To da me za ki kwana?” Yarinya ta ce ai saura kwana kaɗan. Ni dai na tashi na je duba ko gorar ta kafu da kyau, gorar da na san ta kafu. Yanzu tsumma takwas ja suna kaɗawa a ƙarƙashin tauraron, na tara kuma yana ɗaure a wuyan hannun Seini.

Ki sa mu a addu'a jirgin ruwan da zai kawo Litia tsibirinmu ya taso a kan lokaci. Ammi da Abba suna gaishe ku. Kwamishina ba ya gaishe da kowa, an sayar da shi.

Ƙaninki,
Taiyab.

Waisavu,
26 ga Disamba.

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gida, da fatan kun ci hutu lafiya. Ki nemi wuri ki zauna.

Ranar jajibere Litia ba ta iso ba. Teku ta yi fushi, jirgi bai taso ba, wayarta kuma ta mutu. Seini ta wuni gindin gorar. Ni ma ban taɓa abincin Ammi ba.

Jiya da sassafe na yanka musu kajin da hannuna kamar kowace shekara, don in samu na ci, aka naɗe su da kifi da gwaza a ganye, aka binne a ramin gashi. Da aka kaɗa gangar coci kowa ya fito cikin fararen kaya, aka bar ni gadin ramin, tun da ni kaɗai ne ba a jira a can. Seini ta ce ba inda za ta. Bubu, wadda ko zazzaɓi ba ya hana jikokinta zuwa coci, ta ce in kula da ita.

Ƙauye ya yi tsit sai waƙarsu daga nesa. Ga rana, amma ko ganye ba ya motsi, wutsiyar tauraro ta lanƙwashe a jikin gora kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na hau na ɗaura igiya a sama na ba Seini bakin, na ce in ta ga mota ta ja. Muka zuba wa babbar hanya ido.

Ashe ta baya za a zo mana. Motar da ta ɗauko Litia a tsohuwar tashar bakin kogi ta sauke ta, don nan bakinta ya saba faɗa. Ta tsaya ta ga inda ɗakinta yake da, ba komai sai turaku da ciyawa, sa'annan ta hawo tudun ta ƙarshen jeren. Ba kowa da za ta tambaya. Ta ƙirga ɗaya, biyu, har biyar, daga wancan gefen.

Seini ce ta fara hango ta. Na juya na ga mace da akwati a ƙofar gidan su Mere, ta sunkuya tana cire takalmi za ta shiga. Na buɗe baki zan ƙwala kira, yarinyar nan ta damƙe min wando ta ce, “Kawu, kar ka kira ta.” Ta kama igiya da hannu biyu ta ja da duk ƙarfinta.

Murafen suka ɗauki ƙara, haske ya watsu a bangon gidajen, jan zane ya buɗe yana rawa. Matar ta ɗago. Ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu tana kallo, sai ta saki akwatin ta taho da gudu, ƙafa ɗaya ba takalmi, tana dariya tana kuka tana cewa, “Wa ya yanka min zane? Wane mara kunya ne ya yanka min zanena?” Seini ta ɓuya a bayana. Hannu kawai ta miƙo, mai jan ƙyallen. Litia ta durƙusa a ƙasa ta kama hannun nan ta sa a fuskarta. Ni kuwa hayaƙin ramin gashi ya dame ni ƙwarai a lokacin, duk da ramin a rufe yake.

Da aka taso daga coci ba sai na faɗa miki ihun da aka yi ba. An baje ganyen ayaba an ci an sha har la'asar. Bubu ta juye min rabin gwangwanin hoda a kai da fuska kamar yadda suke yi ranar biki, ta cika min faranti, ta ce, “Ci, ɗan akuya, ka tsira daga rami bana.”

Saura ɗaya. Da aka buɗe akwati aka fito da takalmin Seini, fari mai igiya. Litia da ƙafar da ta bari ta auna, ta ƙara kaɗan, ƙafa kuwa ba ta jira ta ba. Aka tura, aka murɗa, ya ƙi shiga. Seini ta dube shi, ta dube ni, ta ɗauka ta tafi gidan su Mere. Cif ya yi wa Mere, kamar don ita aka saya. Ta dawo ta haye cinyar uwarta ta ce wa jama'a, “Kun gani? Duk abin da Kawu Taiyab ya faɗa gaskiya ne.”

Tun jiya yaran ƙauye ke bina in faɗa musu abin da zai faru. Bubu ta kafa min doka, kada in ƙara buɗe baki a kan tudun nan sai an shiga sabuwar shekara, kuma Ammi ta sa hannu. Shi ya sa wasiƙar ta yi tsawo, ke kaɗai kika rage min.

Ki gaida yara. Ki ce wa Imtiaz na hango masa ramewa a shekara mai zuwa, ya ji tsoron bakina.

Naki har kullum,
Taiyab.